Yafiyar Da Ba Tawa Ba

Ranar sadakar ukun Izzuddeen ni aka shimfiɗa wa darduma a tsakar gida. Ni mata suka kewaye, ni ake kama wa hannu ana cewa Allah ya ba da haƙurin rashi. Matar da ta haife shi kuwa tana can bakin rariya tana wanke kwanukan da baƙi suka ci tuwo. Babu wanda ya ga aibun hakan, har da ni da na yi shekara ashirin da biyar ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, nake kuma ganin babu abin da ke wuce mini.

Sai na yi bayani, don matan yanzu masu rungume jariri suna ɗaukar hoto da waya ba za su gane ba. Mu a danginmu mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta shiga maganarsa. Kunya ce da muka taho da ita tun iyayenmu suna ruga. Shanun sun ƙare, amma ita tana nan daram. Radiyya, matar ƙanena Salihu, ta riƙe wannan kunya fiye da duk macen da na sani. Ana yaye Izzuddeen aka kawo mini shi cikin gari, ni da Allah bai ba ni haihuwa ba. Ya tashi yana ce mini Umma, ita kuma yana ce mata Anti. In ta kama dole sai ta ambace shi, sai ta ce "yaron nan" ko "ɗan Adda", don Adda take ce mini, wato yaya. Mijinta ma Baban Yasmin take ce masa, da sunan 'yar da ke bi wa Izzuddeen, ta tsallake na farkon kamar babu shi.

Da maigidana ya rasu, Salihu ya ce in tattara in dawo wurinsu a Tirwun, inda ya gina 'yan ɗakunansa a bakin gonaki. Na zo da akwatina da yarona. Maƙwabta duk sababbin zuwa ne irinmu, kowa fili ya saya ya kafa, don haka abin da idonsu ya gani shi suka ɗauka: ga Hajiya Amatullah da autanta, ga ƙaninta da matarsa da 'yan matansu biyu. Mu ma ba mu gyara wa kowa ba.

A bayan layinmu akwai gidan bulon Alhaji Nu'uman. Ma'aikatansa sun daɗe suna haƙar jar ƙasa a gefen filin, har wurin ya zama rami, ɓangarensa na gabas ya fi tsayin mutum biyu zurfi. Da damina sai ya cika ya zama kududdufi, su kuma su sa inji su riƙa jan ruwan suna buga bulo. Hanyar da yaran unguwa ke bi zuwa makaranta, ta boko da ta Islamiyya, ta bakin ramin nan ta ratsa. Wata Laraba cikin watan Satumba, an taso daga Islamiyya, takalmin wata yarinya ya faɗa ruwan. Izzuddeen yana da shekara tara, shi kuma ba ya iya ganin ana kuka ya wuce. Ya samo kara ya miƙa zai janyo takalmin, gaɓar ta zabtare da shi. Ana kiran magariba aka fito da shi.

Na yi kuka har muryata ta dishe. Na yi birgima a ƙasa, ni da girmana, ba na jin kunyar faɗa. Radiyya ba ta yi ba. Ita ta ɗebo ruwan da aka yi masa wanka, ita ta share tsakar gida, ita ta hura wuta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Radiyya ko ka tambaye ta ba amsa za ka samu ba.

A ranar ukun ne Alhaji Nu'uman ya zo, shi da mai unguwa da wasu dattawa biyu. Suka yi sallama suka ce uwar yaro suke son gani. Salihu ya kawo su gabana, don shi ma kunyar ce ta ɗaure shi, kawu aka ɗauke shi ya kuma bar shi a haka. Alhaji ya durƙusa, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Hajiya, a filina abin nan ya faru," ya ce. "Na zo in ba ki haƙuri, in kuma roƙe ki gafara."

Ni kuwa na faɗi abin da ake faɗa. "Alhaji, ba kai ka kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare. Na yafe, duniya da lahira."

Mata suka ɗauki masha Allah, wai ga mai tawakkali. Ba zan ɓoye ba, yabon ya yi mini daɗi, a tsakiyar wannan baƙin cikin ma. Ko a raina ban kawo in ce masa ya rufe ramin ba. Na dai ji ƙarar wanke-wanke ta tsaya a bakin rariya, sannan ta ci gaba.

Aka yi arba'in, baƙi suka ɗauke ƙafa, ruwan kududdufin ya janye har ya bushe. Wata safiya, bayan 'yan matan sun tafi makaranta, na ga Radiyya ta naɗa gammo ta ɗauki babban daron wanki ta fita. Ba ta dawo ba sai azahar, hijabinta fari fat da garin siminti. Washegari haka, jibi ma haka. A rana ta huɗu na tare ta a ƙofa.

"Radiyya, ina kike kai daron nan kullum?"

"Rami nake cikewa, Adda."

"Wane ramin?"

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba. "Akwai wani ne?"

Dariya ta kuɓuce mini, ba ta daɗi ba. "Da daro? Ke kin san tifa nawa ramin nan zai ci kuwa? Ai sai ki tsufa ki bar wa jikoki."

"Kafin ruwa ya sauka nake so ya rufu," ta ce, ta raɓa ni ta wuce.

Na bi ta daga nesa ran nan don in gane wa idona. Tirwun ko'ina gini ake yi, kowane kango kuma da tulin ɓaraguzai a gabansa: fasasshen bulo, guntayen tayil, busasshen kwaɓin siminti. Radiyya sai ta je ta gaida mai gadi ko magini, ta roƙi a bar ta ta kwashe. Su kuwa gaba ta kai su, an rage musu aiki. Ta cika daro da hannu, ta durƙusa, ta ɗora a kai, ta taka har bakin ramin ta zuba a ɓangaren gabas, daidai inda aka fito da yaron, ta juya ta koma. Na tsaya na ga sawu bakwai. Abin da ta zuba a sawu bakwai ɗin, in ka leƙa daga sama, bai fi a watsa wa kaji tsaba ba. Leburori har sun raɗa mata suna. Tana ɓullowa sai ka ji, "A ba da hanya, ga Hajiya Tifa nan!" Ko kallonsu ba ta yi.

Salihu ya yi mata magana bayan mako biyu, ina jin su daga ɗakina. Shi mutum ne mai sanyi, a kasuwar shanu yake yini, abin da ya fi tsoro a duniya shi ne bakin mutane.

"Ana ta magana a masallaci," ya ce. "Za a ce gidan nan ba mu karɓi ƙaddara ba."

"Na karɓi ƙaddara, Baban Yasmin," ta ce. "Ramin ne ban karɓa ba. In ka hana ni zan bari, amma ina roƙonka kada ka hana ni."

Bai hana ta ba, bai kuma taya ta ba.

Ni kuwa abin ci mini rai yake yi, kuma sai daga baya na gane dalili. Kowane daro ta ɗauka, ji nake kamar da ni take. Ni na yi rainon yaron nan, ni na kwana da shi a asibiti lokacin ƙyanda, ni na koya masa baƙi da wasali, sai ga shi ina zaune a ɗaki da carbi, ita tana waje tana yin abin da ya kamata a ce ni na fara tunawa. Kishi ne, babu wani suna da zan ba shi. Wata rana ta dawo, yatsunta duk sun tsage, ta zauna tana shafa man kaɗe, sai bakin nan nawa ya riga hankalina.

"Yana da rai ko sunansa ba ki taɓa kira ba. Yanzu da ya mutu ne za ki nuna wa duniya kin fi kowa jin ciwo?"

Hannunta ya tsaya. Na jira ta rama, wallahi da ta rama da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Ki yi haƙuri, Adda," ta rufe kwalbar man ta shige ɗaki. Magana zarar bunu ce. Na yini ina cizon yatsa, amma girman kai bai bar ni na bi ta ba.

Wadda ta fara taya ta ba daga gidanmu ta fito ba. Eunice ce, maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda bakinta ya kusa kamo nawa. Ta shigo wata Asabar tana tura baro da ta aro wurin ƙanen mijinta, ta tsaya a kaina.

"Mama, wannan mata shi kaɗai yana ɗaukan dutse tun safe, ku kuna kallo? Yarana uku suna bi ta wurin nan kullum. Ni ba zan jira sai an kawo mini gawa ba."

Tun daga ranar, in ta rufe shago da yamma sai ta tura baro sawu goma ko fiye. Wasu matan biyu suka riƙa leƙowa jefi-jefi. Azumi ya kama cikin zafin bazara, na ce to yanzu dai za ta sarara. Ina! Sai ta mayar da aikin bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi ta yi sawunta ta dawo ta ɗora girkin buɗa baki. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, gashin tsakiyar kanta ya zube saboda gammo. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Zuwa ƙaramar salla, ɓangaren gabas ya taso har mutum zai iya tsayawa a ciki a ga kansa. Sauran ramin kuwa yana nan da bakinsa a buɗe, ga gajimare ya fara taruwa da yamma.

A nan ne Alhaji Nu'uman ya farka. Da yana ɗaukar abin wasan mata ne. Da ya ga da gaske wurin tara ruwansa ke shirin tafiya, sai ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai wata mata ta mayar masa da fili juji. Aka aiko Salihu ya zo da matarsa, ni ma aka ce in zo.

Muka taru da hantsi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidan mai unguwa. Maza a kan benci, mu mata a tabarma daga gefe. Eunice ta zo ba a gayyace ta ba, 'yan kallo kuma ba a rasa su. Alhaji ya yi bayaninsa cikin natsuwa, don ba mugun mutum ba ne, irin mutanen nan ne da ba sa ganin abu sai ya taɓa sana'arsu. Ya ce fili nasa ne, ruwan da ke taruwa da shi yake aiki, mutum goma sha ke ci a ƙarƙashinsa. Sannan ya nuna ni.

"Ranka ya daɗe, abin da ya faru ya faru, ni ma har yau yana damuna. Amma ga uwar yaron nan zaune. A gabanka ta ce ta yafe, duniya da lahira. Wannan kuma matar kawunsa ce. In uwa ta yafe, ban san abin da ya yi wa matar kawu zafi ba."

Mai unguwa ya gyaɗa kai, ya juya wajen Radiyya. "Baiwar Allah, kin ji. Mai abu ta haƙura. Ke mene ne naki a ciki?"

Salihu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuwa sai a lokacin abin ya faɗo mini gaba ɗaya, na ga ɓarnar da na yi: na ɗauki abin da ba nawa ba na yi kyauta da shi, har aka yaba mini. Na buɗe baki zan yi magana a madadinta, yadda na saba shekara da shekaru. Sai na ji hannunta a kan gwiwata, tafin nan kaushi kamar bayan bulo.

Ina jin numfashinta. Ga yayar mijinta, ga mijinta, ga dattawa, duk waɗanda aka koya mata tun tana yarinya cewa gara ƙasa ta tsage ta shige da ta faɗi wannan magana a gabansu.

"Ranka ya daɗe," ta ce, muryar can ƙasa. "Ni na haife shi."

"Me kika ce?"

"Ni na haife shi. Ɗana ne na fari. Sunansa Izzuddeen."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar ba ta san inda ake dafa shi ba, don ba ta taɓa ɗora shi a harshe ba. Sai ta sake faɗa, wannan karon sosai, har na bayan benci suka ji.

"Izzuddeen. Adda ta raine shi, ta fi ni wahala a kansa, Allah ya saka mata. Amma ni na ɗauki cikinsa. Shekara tara ban kira shi ba, ban zaunar da shi kusa da ni ba. In zai tafi makaranta ta tagar kicin nake kallonsa har ya sha kwana. In na raba nama, nasa nake fara cirewa in ba ƙanwarsa ta kai masa, in ce daga Baba ne. Ina cewa akwai lokaci, in ya girma ya yi aure zan huce a kan 'ya'yansa. Ranar da aka shigo da shi ina so in rungume shi, mutane sun cika gida, na tsaya ina jin kunya har aka fita da shi." Ta juya wajen Alhaji. "Alhaji, ban zo neman komai a wurinka ba. Ran yaron na bar wa Allah, ni ma na yafe maka. Amma ramin nan ban yafe shi ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Ba zan iya zama ruwa ya sake cika shi ina ji ina gani ba. In ka kwashe abin da na zuba, gobe zan dawo in sake zubawa."

Mai unguwa ya dubi Salihu. Ƙanena ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, mutumin da ko ranar jana'iza bai bari an ga idonsa ba.

"Gaskiya ta faɗa, ranka ya daɗe. Ɗanmu ne."

Ni ma na samu bakina. "Alhaji, yafiyar da na ba ka ba tawa ba ce ni kaɗai. Na yi azarɓaɓi. Da na san abin da nake yi, da na ce maka ka rufe ramin kafin ka tashi daga gabana."

Alhaji Nu'uman ya cire hula ya share goshi, ya mayar. Ya ce to zai sa a kewaye wurin da waya. Eunice ta ce waya ba ta taɓa hana yaro shiga inda yake so ba, in yana musu ya zo ya ga katangar gidanta. Aka ɗan yi dariya, shi bai yi ba. Yana ta kallon hannayen Radiyya. Daga ƙarshe ya ce ya janye ƙararsa, zai nemi tanki ya riƙa tara ruwa, tifarsa kuma za ta kawo ƙasa duk ranar da ba ta da aiki. Bai yi alkawarin cike ramin duka ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba, don ramin ba na wasa ba ne.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka shiga zaure na kamo gefen hijabinta.

"Radiyya, maganar da na faɗa miki ran nan..."

"Adda, ke ma ɗanki ne," ta ce. "Akwai wani daron a bayan kicin."

Washegari ni ce da gammo, ni da rabona da ɗaukar kaya a ka tun ina budurwa. Sawu biyar na yi ƙuguna ya ce bai san zance ba. Na zauna na huta na sake tashi. Leburori suka ce yau Hajiya Tifa ta samo kwandasta, na ce uwar wani ce kwandasta, suka bushe da dariya, ɗaya daga cikinsu ya ajiye cokalin gininsa ya cika mini daron da shebur.

Labarin abin da aka yi a ƙofar mai unguwa ya zaga unguwa kafin la'asar. Liman ya taɓo zancen bayan sallar asuba. Ban san abin da ya ce ba, amma ranar Asabar maza suka fito da baro da shebur, Salihu a gaba, ya naɗe ƙafar wando. Mutanen cocin su Eunice suka zo ranar Lahadi da yamma. Tifar Alhaji ta zo sau biyu a makon farko, ta ɓace kwana tara har na fara zaginsa a zuci, sai ga ta ta dawo ta yi kwana uku a jere. Ba kowa ne ya taya ba. Akwai waɗanda suka tsaya a inuwa suna ba da shawara, irinsu ba sa ƙarewa. Akwai kuma matan danginmu da suka zo daga cikin gari musamman don su ce Radiyya ta zubar mana da mutunci, wai ta kira sunan ɗan fari a gaban maza. Na raka su har bakin titi da kalaman da ba zan maimaita a nan ba.

Sama kuwa ba ta jiran kowa. An yi yayyafi sau biyu, iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa. Radiyya ta daina dawowa da azahar, a bakin ramin take salla, a can Yasmin ke kai mata abinci. Duk wanda ya gaji ya tafi, ita tana nan tana bin gefe-gefe da daronta, tana cusa ɓaraguzai inda ƙasa ta yi laushi, tana takawa da ƙafa. Ranar Talatar da aka zuba tifar ƙarshe aka baje, ban ga ta yi murna ba. Ta ce sabuwar ƙasa mayaudariya ce, sai ruwa ya sauka a kanta za a san gaskiyarta.

Ranar Juma'a da rana hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun bayan saukowa daga masallaci har la'asar sakaliya. Muna zaune a ɗaki ɗaya ni da Radiyya. Ruwan na tsagaitawa ta miƙe ta zura hijabi, na bi bayanta ina tsallake kwata.

Wurin ya zama fili na jan laka. Sai dai ƙasar ta zauna a ɓangaren gabas, ruwa ya kwanta a wurin, faɗinsa ya kai tsakar gida, ja wur, ba ka ganin abin da ke ƙasansa. Yara har sun fara taruwa a gefe, don yaro da ruwan sama sai Allah. Radiyya ta daka musu tsawa su ja baya, ta tuɓe takalmanta ta miƙo mini.

"Ke, kada ki shiga! In ƙasar ta rufta fa?"

"Gara ta rufta da ni, Adda."

Ta sa ƙafa. Ruwan ya rufe mata idon sawu. Ta ƙara taku, tana dannawa da ƙarfi kafin ta ɗora nauyinta. Ina tsaye da takalma a hannu ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ta kai tsakiya, ruwan ya tsaya mata a ƙwauri. Ta bi shi tsaye, ta bi shi kwance, ba ta bar ko kusurwa ɗaya ba, ta dawo daidai inda gaɓar ta zabtare a bara ta tsaya, ta dira diddige sau uku. Ƙasa ta riƙe.

Yaran da suka ga babba a cikin ruwa, ai sai suka ɓarke. Kafin in buɗe baki sun faɗa ciki suna tsalle suna watsa wa juna. Gift, autar Eunice, 'yar shekara huɗu, ta sheƙo da gudu daga gefe, santsi ya kwashe ta, ta faɗa ruwan da fuska, taku biyu daga inda Radiyya take. Yarinyar ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta miƙe tsaye, laka har cikin hanci, ta dubi rigarta ta fashe da kuka wai mamanta za ta doke ta.

Radiyya ta tsaya tana kallonta. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Na jefar da takalman na shiga ruwan da zanena na kama ta, ta zube a jikina, kukan wata takwas ya ɓalle mata gaba ɗaya, da ƙarfi, a gaban yara da masu wucewa da ma'aikatan gidan bulo, ba ta rufe fuska ba. Na riƙe ta, ni ma ina yi.

Da ta samu numfashi sai ta nuna yarinyar, wadda har ta manta da kukanta ta koma wasa.

"Kin gani, Adda?" ta ce. "Ta faɗa, ta tashi."